Sikelin Kuza da Ɗan Damben Layinmu

Kwanakin baya ina zaune a baranda a nan Daɗin Kowa, rediyo a kan cinyata, sai na tsinci ƙarshen wani labari a shirin wasanni. Wai an karrama wani tsohon ɗan damben boksin, mutumin ƙasar Sikotlan, wanda ya taɓa riƙe kambun duniya a ajin marasa nauyi. Farkon labarin ya wuce ni, domin janaretan maƙwabcina ya tashi daidai lokacin, saboda haka ba zan rantse cewa mutumin da nake zato ba ne. Ƙasar tasu, a iya fahimtata, ta fitar da zakara fiye da ɗaya a wannan ajin. Amma mai karanta labarin ya ce bayan kambun ya kuɓuce masa ya koma sana'arsa ta aikin katako, kuma wannan ya ishe ni. Mu ma a zamaninmu ba mu taɓa iya kiran sunansa daidai ba. Kafinta muke ce masa.

Na so in ba wani labarin, na rasa wanda zan ba. Samarin yanzu ƙwallon Turai suke kallo a gidajen kallo, kowa da wayarsa a hannu, in kuwa dambe ne to sai na ƙattin nan masu nauyin buhun masara biyu. Wanda zai gane abin da nake nufi, ko dai ya riga mu gidan gaskiya, ko yana wata unguwar da yanzu sai na yi shawara da iyali kafin in je. Shi ya sa na ce bari in rubuta, iyakar abin da na tuna, tare da sanin cewa tunanin tsoho yakan yi wa kansa kwaskwarima.

Jos ɗin da na tashi a ciki garin kuza ne. Jiniyar kamfani ce ke bin bayan kiran sallar asuba, daga nan sai ƙarar takalman leburori a kan tsakuwa, da tarin masu tari, da ƙarar shebur yana bugun diga a kafaɗar mai tafiya. A bakin rafi mata na juya ƙwarya, suna wanke ƙasa har sai baƙin yashin nan mai nauyi ya kwanta a gindi. Iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau suka zo, kuza ta kawo su, suka zauna suka hayayyafa. Mahaifina tela ne, shi ya sa na samu na yi makaranta har daga baya na shiga jami'a. Maƙwabcinmu kuwa, Baba Audu, haƙa yake yi. Ba ma'aikacin kamfani ba ne mai albashi. Shi da abokansa suke shiga rami, abin da suka samo su wanke, su shanya, su kai wa mai saye. Aikinmu na yara a lokacin shi ne gadin kuzar da aka baza a kan buhu don kada kaji su tona, da busa ta a faifai don sauran yashi ya fita. Har yau in na rufe ido ina jin sanyinta a tafin hannu, abu kaɗan amma ya ja hannunka ƙasa.

Mai sayen kuza a layinmu wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji mai sikeli. Rumfarsa ta kwano ce, a tsakiyarta sikeli, irin mai faffaɗan ƙarfe a ƙasa da doguwar sanda a sama wadda ake tura dutse a kanta har ta tsaya cak. Mun tashi mun tarar kowa ya san sikelin nan yana sata. Ba wanda ya taɓa kama shi, ba wanda ya ga buƙatar kama shi. Abu ne da aka sani kamar yadda aka san sanyin Jos. Baba Audu yakan ce shi tunda yake bai taɓa jin labarin sikelin da ya yi kuskure ya ƙara wa talaka ba. Kowace Alhamis zai dawo daga rumfar yana lissafi a baki, cewa buhun da ya ɗauko da kansa ya san nauyinsa a wuyansa, amma Alhaji ya ce kaza. Wasu sun ce gubar dalma aka zuba a dutsen. Wasu sun ce da babban yatsan ƙafa yake tokare ƙarfen ta ƙasa. Duk da haka gaisuwa ba ta yanke ba, a sahu ɗaya suke salla, kuma in an yi haihuwa Alhaji ne kan gaba wajen kawo goro. Zargin a lokacin bai hana zumunci ba. Ban ce na yanzu ya fi muni ba, don wataƙila ni ne na tsufa, amma na yanzu kan mutum yake sauka, har ka ga wanda kuka yi wasan ƙasa tare ka fara tunanin abin da ke aljihunsa.

Ɗan Baba Audu na fari shi ne Sale, sa'ana kuma abokina. Dogo ne siriri, hannuwansa kamar an ƙara musu tsawo. Tare muka fara zuwa wajen dambe muna samari, a wani tsohon sito na kamfani da ke hanyar Anguwan Rukuba. Mai koyarwar Oga Ben ne, Ibo haifaffen Jos, makaniki, wanda ya tafi gabas lokacin yaƙin basasa ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji sosai. A siton nan akwai 'ya'yan Hausawa da Birom da Ibo da Yarbawa, kuma da Hausa ake zagin kowa. Buhun yashi biyu ne a rataye, igiyar tsalle ta shanya ce, ƙararrawa kuwa tsohon wilin mota ne da ake duka da sifana. Rabona da bin hanyar nan tun rikicin da ya raba garin. An ce min siton ya zama wurin ajiye katako, wani kuma ya ce an rushe shi. Ban je na gani ba.

Ni dai ban yi nisa a damben ba. Ina sa tabarau, kuma ina tsoron hancina.

“Firofesa,” Oga Ben yakan ce, “kai ka tsaya wajen buhu. Buhu ba ya ramawa.”

A nan muka san Kafinta. Wani injiniya ɗan ƙasarsu da ke aiki a kamfani, wanda Oga Ben ke gyara wa mota, shi ya ara masa faifan majigi na wani faɗan da zakaran ya yi. Aka haska a bangon sito, muka ga wani farin mutum marar jiki, da gajeren wando mai zanen gida-gida, yana ta tsikarar abokin karawarsa da hannun hagu yana zamewa. Da farko dariya muka yi. Mu da muka saba da damben mahauta, inda ake naɗe hannu ɗaya a jira sa'a a kai mutum ƙasa da bugu guda, wannan sai ya yi mana kama da mai korar ƙuda. Amma turmi na bin turmi, fuskar ɗayan na kumbura, shi kuwa ko gashinsa bai hargitse ba. Muka daina dariya. An haska faifan nan har ya fara yin ruwan sama a bango saboda karcewa. Oga Ben ya ba mu tarihinsa yadda ya ji daga bakin injiniyan: ɗan talakawa ne, kafinta ne, ya bar ƙasarsu mai sanyi ya je wata ƙasa mai zafin rana ya ƙwato kambun a gaban mutanen da ba sa son sa. Da labari ya zo daga baya cewa ya rasa kambun, ba wanda ya yarda a sitonmu cewa da gaskiya aka ci shi. An ce naushin ƙarshe ƙasa da ɗamara ya sauka. Ban gani ba, kuma ban san abin da ɗaya ɓangaren zai ce ba, amma mu mutanen da muka tashi a gindin sikeli ba sai an sha wuya ba wajen gamsar da mu cewa an yi cuta.

Abin da Kafinta ya bari a Jos, in har zan iya kiransa gado, shi ne hannun hagun Sale. Ya kwafe shi tsaf. Hagu, hagu, zame. Har 'yan sito suka koma kiransa Ƙaramin Kafinta, alhali bai taɓa riƙe zarto ba, tare da babansa yake shiga rami.

Wata damina aka yi shelar gwaji. Za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha a gasar ƙasa, mutum ɗaya a kowane aji, kuma duk wanda aka zaɓa za a ɗauke shi aiki a ma'aikatar wasanni, da albashi duk wata. Ga Sale wannan ba maganar kofi ba ce. Hanyar fita daga rami ce, kuma ba mu san wata ba. A shekarar rami ya rufta da mutum biyu a bayan unguwarmu, ƙirjin Baba Audu kuma ya fara yin ƙara in yana numfashi. Oga Ben ya kai sunan Sale a ajin marasa nauyi, ajin Kafinta. Sharaɗin ɗaya ne: da safen ranar za a ɗora kowa a sikeli, wanda ya wuce iyakar ajin ko da rabin laba ne ya koma gida, ba faɗa, ba magiya.

“Kafinta bai taɓa jin kunya a gaban sikeli ba,” in ji Oga Ben. Ban san inda ya samo wannan ba. “Yaro nawa ma ba zai ji ba.”

Matsalar ita ce sitonmu ba shi da sikeli. Sikelin da ke kusa, wanda zai ɗauki mutum, na Alhaji ne. Muka ɗunguma muka je ana saura kamar mako uku, ni da Sale da Oga Ben, muka tarar da Baba Audu da abokan haƙarsa a bakin rumfa suna jiran a auna musu kaya. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“Yau kuma mutum aka kawo min? Audu, nawa za ka sayar min da shi?”

“Auna tukuna, Alhaji. In ka gama rage masa ƙafa ɗaya sai mu yi ciniki.”

Sale ya tuɓe riga ya hau. Alhaji ya tura dutsen, ya ɗan dawo da shi, sanda ta tsaya. Ya karanta, Oga Ben ya leƙa ya tabbatar. Sale yana ƙasa da iyaka da ɗan kaɗan.

“Daidai kake, ɗana,” Alhaji ya ce. “Kar ka ƙara, kar ka rage. Ka ci tuwonka yadda ka saba.”

Muka yi godiya muka fito. Ba mu kai ƙarshen layi ba Baba Audu ya biyo mu, abokansa biyu na bayansa.

“Oga, kar dai ka ce min ka yarda da abin da ka ji.”

“Baba, ni da ido nawa na gani.”

“Ni shekara nawa ina gani da nawa idon? Sikelin nan ragewa yake yi. In ya ce yaron nan daidai yake, to wallahi ya wuce. Ka kai shi gaban na gwamnati a haka, a kore shi, ka zo ka gaya min me?”

Oga Ben ya tsaya, ya juyo da kunnensa mai ji. Na ga maganar ta shige shi. Ni ma ta shige ni, domin lissafin daidai yake: sikelin da ke cutar mai sayarwa dole ya nuna ƙasa da gaskiya. Abin da ya rage shi ne sanin yawan abin da yake sata, kuma a nan aka rabu. Ɗaya daga cikin abokan ya ce a kowane buhu laba uku ne. Ɗayan ya ce uku a bakin wa, biyar dai, kuma in kaya sun yi nauyi satar ma ƙaruwa take. Baba Audu ya ce shi wuyansa ya gaya masa ya fi haka. Aka tsaya a tsakiyar hanya ana ta ja, kowa na kawo shekarar da aka cuce shi. A ƙarshe Oga Ben ya ce gara a yi kuskure ta wajen ragewa, aka ɗauki lissafin Baba Audu, wanda ya fi na kowa yawa.

Na ce, cikin ɗari-ɗari, ko za a gwada sikelin da wani abu da aka san nauyinsa, kamar buhun gishiri na kanti da aka rubuta a jikinsa.

“Ɗan makaranta,” Baba Audu ya ce, “shi buhun wa ya auna shi? Ba wani mai sikelin ba ne?”

Gaskiya har yanzu ban ga laifin tambayar ba. Na sake cewa akwai sikeli a ɗakin shan magani na cikin gari. Oga Ben ya girgiza kai. Wanda Sale zai kara da shi wani soja ne daga bariki, kuma Oga Ben ya ji cewa mai rubuta kati a ɗakin maganin surukin kocin sojoji ne.

“Ka kai yaro can, kafin yamma sun san nauyi nasa, sun san komai nasa. Ko su taɓa sikeli ya nuna ƙarya, mu saki jiki. Firofesa, ba ka san mutane ba.”

Ko surukin ne, ko ba shi ba ne, ban taɓa bincikawa ba. Kuma me sanin nauyin Sale zai ƙara wa soja, shi ma ban tambaya ba. A lokacin maganar ta yi min kama da hankali.

Fitar da gumi a Jos da damina ba ƙaramin aiki ba ne. Garin da ake kwana da bargo biyu, rana ta leƙo ta koma. Oga Ben ya samo tsohuwar rigar ruwa ta masu gadin kamfani, mai kauri kamar tamfol. Sale zai sa rigunan sanyi biyu a ciki, ya ɗora ta a sama, ya kama hanyar Bukuru da gudu, wani lokacin har ya doshi Kuru, ni ina binsa a keke da igiyar tsalle a wuya. In ya dawo ya zauna a bakin tanderun gidan burodi har a fitar da na ƙarshe. Tuwo ya koma loma uku. Ruwa sai dai ya kurkure baki ya tofar. Kuma bai daina shiga rami ba, don gidan ba zai iya ba shi hutu ba. Mahaifiyarsa takan tsaya daga bayan ƙofa ta ce, “Malam, yaron nan fa idanunsa sun faɗa,” Baba Audu ya ce, “Ki bar shi, kwana nawa ne. Gara ya rame a gida da ya ji kunya a gaban jama'a.” Da ƙauna yake faɗa. Na ga lokacin da ya tura wa ƙannen Sale naman miyarsa don kada ya ci a gaban ɗansa.

Kowane 'yan kwanaki mukan koma rumfa. Dutsen na ta matsowa baya a kan sanda, fuskar Alhaji na canzawa.

“Oga, me kuke yi wa yaron nan? Na ce muku daidai yake.”

“Muna ɗan gyara ne, Alhaji.”

“Wane gyara? Dubi haƙarƙarinsa. Audu, ɗanka ne fa.”

Da muka fito Baba Audu ya ce, “Kun gani ko? Me ya dame shi da sai yaron ya ci? Tsoro yake ji asirin sikelinsa ya tonu.” Wani ya ƙara da cewa an ga Alhaji yana gaisawa da wani saje a kasuwa. Duk abin da dattijon nan ya faɗa, sai ya zama hujja a kansa. In ya yi shiru ma haka.

Ana gobe gwaji, ranar Alhamis ce, muka yi awon ƙarshe. Alhaji ya sauke buhun Baba Audu ke nan, Sale ya hau. Da aka ɗora lissafin satar a kan abin da sanda ta nuna, Oga Ben ya ce yanzu ne muka shiga. Sale ya sauko yana dafa ginshiƙi.

Da safe aka yi awo a wani zaure a cikin gari. Sikelin gwamnati sabo ne fil, fari, wani jami'i mai gajeren wando da doguwar safa na tsaye a kansa. Sojan ya hau, ya cika iyakar ajin taf, jikinsa a murɗe. Aka kira Sale. Jami'in ya tura dutse, ya dawo da shi, ya sake dawo da shi, ya dubi Sale daga sama har ƙasa.

“Kai, a wane aji aka rubuta ka?”

“Marasa nauyi, ranka ya daɗe.”

“To ai kai ka kusa faɗawa ajin da ke ƙasa. Ciwo ka yi?”

Oga Ben ya matsa ya leƙa sandar. Ya daɗe yana leƙe. Ni ma na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Abin da sikelin Alhaji ya nuna jiya, shi ne a nan, ko kauri na gashi babu tsakaninsu. Oga Ben ya roƙa a mayar da Sale ƙaramin ajin, aka ce an gama da su tun jiya, an riga an zaɓi mutum. Ya fita da gudu ya sayo shayi da burodi da ƙwai. Sale ya ci, cikin da ya yi mako uku a ɗaure ya ƙi karɓa, ya dawo da shi a bayan zaure. Tsakanin awo da faɗa ba wani lokaci mai tsawo ba ne.

Turmin farko ina ganin ba zan manta da shi ba, in ma ƙwaƙwalwata ta ƙara masa gishiri to kaɗan ne. Sale ya yi Kafinta sak. Hagu, hagu, zame. Sojan na kai duka yana samun iska, hancinsa ya fashe, mutanen layinmu na ta buga benci. Har wani daga cikin alƙalan ya ajiye alƙalaminsa yana kallo. A turmi na biyu hannun na nan yana fita, amma ƙafafun sun daina zamewa. Sojan ya gane. Bai ƙara neman fuska ba, ya koma ciki da haƙarƙari, yana tura shi jikin igiya da nauyin da ya fi shi. Oga Ben na ihu, “Fita daga wurin, Sale, fita,” Sale na jin sa, na ga ya juyo da ido, amma jikin ya ƙi. A na uku ba wani babban naushi ba ne ya kai shi. Gwiwoyinsa ne kawai suka lanƙwashe, ya zauna a kan igiyar ƙasa kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Alƙalin wasa ya ƙirga, ya ɗaga hannun soja. Ba a yi cuta ba. Na nemi inda zan ce an yi, ban samu ba.

Gwajin bai sake zagayowa ba sai bayan wasu shekaru, lokacin Sale ya yi iyali, babansa ya kwanta, shi ke ciyar da gida biyu. Bai ƙara sa safar dambe ba. Ni kuma na tafi jami'a, na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma a duk tsawon aikin ban taɓa sa hannu a takarda ba sai na karanta ta sau biyu, abin da ya sa wasu ke ganin ina da wuyar sha'ani. Game da sikelin Alhaji, ban ce na wanke shi gaba ɗaya ba. Mai yiwuwa ne yana da dutse biyu, na mutane da na kuza. Mai yiwuwa ne sikelin biyu duka sun karkace ta gefe ɗaya. Na sha juya waɗannan a raina, kuma na lura cewa nakan fi samun natsuwa in na sami hanyar da zargin zai tsaya da ƙafarsa. Wannan ma abin zargi ne.

Amma abin da ya fi zauna min a rai ba faɗan ba ne, komawarmu gida ce. Bayan la'asar muka iso, Sale a tsakiyarmu, leɓensa a kumbure. Baba Audu bai je kallo ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, rami ya tafi. Muka same shi a dakalin ƙofar gida, ƙafafunsa da jar laka, maƙwabta biyu-uku na zaune tare da shi. Labari ya riga mu. Bai tambayi yadda aka yi faɗan ba. Ni ya kalla.

“Ɗan makaranta, kai ka iya karatu. Nawa na gwamnatin ya ce?”

Na faɗa masa.

“Na Alhaji fa, jiya?”

“Haka ya ce shi ma, Baba.”

“Daidai da daidai?”

“Iyakar abin da na gani, daidai da daidai.”

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya gyara zama ya ce ai abin a fili yake, Alhaji ya san za a je gaban na gwamnati, shi ya sa ya gyara nasa kafin a ɗora yaron. Sauran suka ce ƙwarai, haka ne, tsohon nan ai ba a yi masa wayo. Na ga Oga Ben ma ya ɗago kai kamar wanda aka miƙo wa igiya.

“A'a,” Baba Audu ya ce. “Ina tsaye. Buhuna ya sauke, yaron ya hau. Bai taɓa komai ba, bai canza dutse ba. Idona na kan ƙafarsa, kullum a kan ƙafarsa idona yake.”

Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya dubi bayan.

“Ke nan abin da nake haƙowa ke nan,” ya ce a hankali. “Duk shekarun nan. Iyakarsa ke nan.”

Oga Ben ya fara cewa laifinsa ne, shi ne koci, Baba Audu ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya yi tari mai tsawo, ya tofar, sannan ya dubi ɗansa a karo na farko tun isowarmu. Ya daɗe yana kallon haƙarƙarin nan da ake iya ƙirgawa ta wuyan riga. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya kaɗan.

“A zubo wa Sale tuwo. A cika kwanon.”

Daga nan ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar yaron, ban sani ba ko don lallashi ko don ya sami abin dafawa.

“Ka ci ka ƙoshi, ka kwanta da wuri,” ya ce. “Gobe akwai rami.”